Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Lesa Tana Gano Bam, Amma Sai Inda Haskenta Ya Taɓa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisheka kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Dan Allah ku bani ɗan fili a shafin wasiƙu inyi magana akan wani abu da nake yawan ji duk sanda aka tada zancen tsaro, wato na'urar nan da akace tana harba hasken lesa ta gano bam tun daga nesa. Mutane sun rabu gida biyu akanta, wasu sunce ai tatsuniya ce kawai ta masu son cin kuɗin gwamnati, wasu kuma sun ɗauketa kamar wani tsafi wanda da zarar an kafata a bakin hanya shikenan anyi maganin masu tada bam. Toh gaskiya abin na nan kuma yana aiki, ilimi ne tsantsa ba siddabaru a ciki, sai dai yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ne yake sa a damfari hukumomi har a rasa rayuka. Shi yasa nakeso masu karatu su san yadda abin yake tun daga tushe.

Tushen shine kowane sinadari a duniya yana da irin hasken da yake sha da irin wanda yake fitarwa, kuma babu guda biyu da suke yi iri ɗaya sak. Idan ka bi da haske ta gilashi mai kusurwa uku zai warwatse ya zama launuka irin na bakan gizo, toh a cikin launukan nan akwai layuka siri siri, wasu baƙaƙe wasu masu ƙyalli, su ake karantawa. Wani Bajamushe mai yin gilashi, Joseph Fraunhofer, ya zana irin layukan nan a hasken rana tun 1814, daga baya wajen 1859 zuwa 1860 Bunsen da Kirchhoff suka nuna cewa kowane layi na wani sinadari ne. Abin ya kai ga an gano iskar hiliyam a jikin rana a 1868 ta hanyar layinta kawai, ba a sameta a doron ƙasa ba sai 1895. Kaga kenan mutane sun daɗe da iya sanin abin da ke cikin wani abu ba tare da sun taɓashi ba. Abin da lesa ta ƙaro, bayan Theodore Maiman ya kunna ta farko a Amurka a 1960, shine haske mai launi ɗaya tak, mai ƙarfi, wanda yake tafiya a miƙe baya bazuwa, zaka iya saitashi akan ɗan ɗigon abu daga nesa.

Hanyar lesa da tafi shahara a harkar gano abubuwan fashewa sunanta Raman, sunan wani masani ɗan Indiya ne, C. V. Raman, wanda ya gano abin a Kalkata a 1928 shi da abokin aikinsa Krishnan, ya karɓi kyautar Nobel a 1930. Abin mamaki ma da hasken rana suka fara aikin don a lokacin babu lesa. Yadda abin yake, idan ka haska abu da haske mai launi ɗaya kusan duk hasken zai dawo da launin da yaje dashi, amma ɗan kaɗan daga ciki, kamar ƙwaya ɗaya cikin miliyan ko ma ƙasa da haka, zai dawo launinsa ya ɗan gusa, saboda ya baiwa ƙwayoyin sinadarin wani ɓangare na ƙarfinsa sun girgiza dashi. Yawan gusawar ya danganta da yadda ƙwayoyin zarra suke ɗaure da juna a cikin abin. Kamar dai ka ƙwanƙwasa ƙofa ne a cikin duhu, daga sautin da ya dawo kasan ko katako ce ko ƙarfe. Na'urar sai ta ɗauki tsarin da ya dawo ta gwadashi da waɗanda aka ajiye mata a rumbunta, ta rubuta maka a allo cewa wannan TNT ne, ko RDX, ko PETN, waɗanda duk nakiyoyi ne, ko kuma garin sabulu ne kawai. Yanzu haka akwai ƙananansu na riƙewa a hannu waɗanda masu kwance bam da 'yan kwastan da masu yaƙi da ƙwaya suke amfani dasu, kuma babban alherinsu shine suna karantawa ta cikin farar leda ko kwalbar gilashi, ba sai an buɗe ba. Duk wanda yasan sinadarin fashewar nan TATP yasan darajar wannan, don shi abu ne da ɗan gogawa ko ɗan bugu ya isa ya tashi, shi aka yi amfani dashi a harin Faris na 2015 da na Brussels a 2016 da na Manchester a 2017, kuma babu naitirojin a cikinsa sam, saboda haka na'urorin da aka ƙera don farautar sinadarai masu naitirojin sai su wuceshi, ita kuwa Raman tana ganinsa sarai.

Duk mai hawa jirgin sama yasan dokar nan ta kada ka shiga da ruwa ko turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100. Asalinta watan Agusta na 2006 ne, lokacin da 'yan sandan Birtaniya suka kama wasu da suka shirya tarwatsa jirage masu zuwa Amurka da Kanada da ruwan sinadari da aka ɓoye a kwalaben lemo. A lokacin babu wata hanya mai sauri ta sanin abin da ke cikin rufaffiyar kwalba, sai kawai aka hana kowa. Can a ɗakin bincike na Rutherford Appleton a Ingila kuwa, wani masani Pavel Matousek da abokan aikinsa sun riga sun gano wata dabara, cewa idan ka harba lesa a wuri ɗaya amma ka karɓi hasken daga ɗan gefe, abin da zaka samu yafi fitowa daga cikin kwalbar akan daga jikinta, saboda hasken da ya shiga ciki yana yawo ya fito ta nesa da inda ya shiga. Da wannan kamfanin Cobalt Light Systems ya ƙera na'urar Insight100 wadda take duba kwalbar roba ko da ba'a ganin cikinta a cikin daƙiƙa kamar 5, aka sata a filayen jiragen sama da yawa na Turai, har taci kyautar MacRobert ta injiniyoyin Birtaniya a 2014. Ni a ganina wannan shine wurin da lesa tafi nuna kanta, aiki ɗaya aka bata ƙayyadajje kuma tayi shi. Amma ko ita ɗin idan gwangwanin ƙarfe ne hasken baya shiga, sai an nemi wata hanya.

Akwai kuma wata hanyar da ake kira LIBS, ita ba lallaɓawa takeyi ba, duka takeyi. Ana tara ƙarfin lesa a harbashi cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kashi kaɗan cikin biliyan na daƙiƙa, akan wuri ɗan mitsitsi, sai wurin ya ƙone ya zama ɗan tartsatsi mai zafin digiri dubbai, to hasken tartsatsin ake karantawa a gane sinadaran da ke wurin. Wanda yake shakkar ko ana iya wannan daga nesa ya dubi motar Curiosity da hukumar NASA ta sauke a duniyar Mars a 2012, tana ɗauke da na'ura ChemCam mai harbin duwatsu daga nisan da ya kai mita 7 tana aiko da sakamako, ita kuma Perseverance da ta sauka a 2021 tana da SuperCam wadda ta haɗa LIBS da Raman gaba ɗaya. Sai dai a dutse abin yafi sauƙi, ƙarfe kake nema ko kalsiyam ko silikon. Abin fashewa kuwa yawanci kabon ne da haidirojin da naitirojin da oksijin, kuma su ɗin ne dai a jikin roba da fenti da maiƙon hannun mutum, gashi iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce kashi 21 oksijin, tartsatsin kuma a cikin iskar yake tashi. Saboda haka na'urar ba ganin bam takeyi kai tsaye ba, lissafin yawan wannan akan wancan takeyi, kuma lissafi irin wannan datti kaɗan yana iya ruɗashi.

Anan nakeso in tsaya sosai Malam, don anan mutane suka fi kuskure. Suna zaton lesa shinshinar bam takeyi a iska kamar kare. Matsalar itace yawancin nakiyoyin soja basa fitar da tururi kusan sam. TNT a zafin ɗaki tururinsa kashi kaɗan ne cikin biliyan na iskar da ke kansa, RDX da PETN kuwa kashi kaɗan cikin tiriliyan, wannan ma idan a buɗe suke a rufaffen wuri, ina ga an nannaɗe an sa a jaka a fili iska na kaɗawa. Wannan matsalar ce tasa bayan an tarwatsa jirgin Pan Am a saman Lockerbie a 1988 da nakiyar roba mai suna Semtex, mutum 270 suka mutu, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta 1991 cewa dole masana'antu su riƙa haɗa wani sinadari mai saurin fitar da tururi a cikin nakiyar roba don a iya ganota. Shi kuma wanda yake haɗa nasa a ɓoye ai ba ruwansa da yarjejeniya. Toh me lesa take nema daga nesa kenan? Ragowa take nema. Wanda ya taɓa irin waɗannan abubuwan yana barin ɓurɓushi wanda ido baya gani a hannun ƙofar mota, a zif ɗin jaka, a murfin but, a sitiyari, kuma ɓurɓushin yana da naci, ko bayan mutum ya taɓa abubuwa da dama yana ci gaba da barinsa. Shi ake haskawa. Har da wata irin lesa ta hasken infared da ido baya gani, wadda aka ƙirƙiro a Bell Labs a 1994, Federico Capasso da Jerome Faist na cikin waɗanda suka yi aikin, ana iya sauya launinta a hankali a bi ta wuraren da sinadaran fashewa suke shan haske sosai, a duba da kyamara ko wani ɗigo a jikin mota ya sha hasken ko ya ɗan ɗumama. An gwada irin waɗannan daga nisan mita gommai kuma sunyi aiki a gwaji. Amfanin nisan kowa ya sani, jami'in da ke tsaye a shingen bincike shine mutum na farko da bam yake ci.

Amma fa haske haske ne. Baya ratsa ƙarfen mota, baya ratsa katako, baya shiga ƙarƙashin ƙasa, baya kewaya kwana. Abin da ya taɓa shi kaɗai zai bada labarinsa. Idan wani ya tsaya gabanka yace na'urarsa ta lesa tana ganin abin da ke cikin tankar mai daga nisan kilomita ɗaya, ko tana nuna bam ɗin da aka binne daga cikin jirgin sama, wallahi ka riƙe aljihunka.

Sannan akwai ƙananan matsaloli da masu talla basa faɗa. Wasu abubuwan idan aka haskasu da lesa sai su ɗau ƙyalli nasu na kansu wanda yake danne ɗan siginar Raman gaba ɗaya, musamman abu mai launi ko mai datti, shi yasa wasu na'urorin suka bar lesa mai nanomita 785 (ma'aunin launin haske kenan) suka koma mai 1064 duk da siginar tafi rauni. Baƙin abu kuma yana shan zafin lesa, albarushi misali yana iya kamawa da wuta a ƙarƙashinta, wannan gargaɗi ne da ake koyawa duk mai riƙe na'urar, har akan sa mata jinkiri mutum ya ajiye ya matsa kafin ta harba. Ga maganar ido, lesar da take da ƙarfin dawo da sigina daga nesa tana iya lalata idon direba ko yaron da ke kujerar baya tun kafin ya ƙifta, kuma ta infared ma ba zai ganta ba balle ya kau da kai. Ga rana tsaka da take cika na'urar da haske, ga ƙura ga hazo ga ruwan sama ga motar da ba'a tsaye take ba. Kuma na'urar abin da aka ajiye mata a rumbu kaɗai ta sani, idan aka kawo sabon haɗi kuma ba'a sabunta rumbun ba sai tace bata gane ba, ko kuma mafi muni ta kira sunan wani abu daban.

Wani abin kuma shine ƙararrawar banza. Sinadarin amoniyam naitiret takin zamani ne, manoma a duk duniya suna ɗaukarsa, kuma shi ɗin ne aka tarwatsa ginin gwamnati dashi a Oklahoma a 1995 mutum 168 suka mutu, shine kuma tan 2,750 da ya tashi a tashar jiragen ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agusta 2020 ya kashe sama da mutum 200. Na'ura zata gaya maka gaskiya cewa ga ɓurɓushinsa a jikin mota amma bata san niyyar mai motar ba. Haka mai ciwon zuciya da yake shan naitirogilisarin, maganin da shima sinadarin fashewa ne, haka mai fasa dutse, haka soja da ɗan sanda da suke taɓa harsashi kullum. Mu ɗauka ma na'ura tana kuskure sau 1 kacal cikin 100, idan mota 10,000 suka bi ta gabanta a rana ka tsayar da mutum 100 da basu ji ba basu gani ba kenan, kuma ranar da jami'ai suka gaji da ƙarar banza sai su fara ɗaga hannu kowa ya wuce. Shi yasa a wuraren da aka san aiki ba'a barinta ita kaɗai, akwai hoton X-ray, akwai ɗan ƙyallen nan da ake shafawa a jaka a sa a inji, akwai karnuka, har ɓeraye ma ƙungiyar APOPO tana horarwa a Tanzaniya suna gano nakiyoyin da aka binne a ƙasa, aikin da lesa bata iya yi.

Abin da yasa na damu har na zauna rubutu shine labarin ADE 651. Wani ɗan kasuwa ɗan Birtaniya, James McCormick, ya riƙa sayarwa ƙasashe wata aba mai mariƙi da eriya mai juyawa, babu batir babu komai, yace wutar jikin mai riƙewa ce take tada ita, ana sa mata kati tana nuna inda bam yake ko ƙwaya ko hauren giwa daga nesa mai yawa. Asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf da ake sayarwa kamar dala 20 a Amurka, shi kuma ya sayar da wasu har dala 40,000 guda ɗaya. Iraƙi ta saya da yawa ta rarraba a shingayen Bagadaza. A 2010 BBC ta kai katin aka buɗe aka tarar ba komai a ciki sai irin ɗan abin da ake liƙawa kaya a kanti don hana sata, Birtaniya ta hana fitar da ita zuwa Iraƙi da Afganistan, a 2013 kotu a Landan ta ɗaure McCormick shekara 10, wani Gary Bolton mai irinta da ake kira GT200 wadda aka sayarwa Tailan da Meziko shima ya samu shekara 7. Amma kasan abin takaici? An ci gaba da riƙe abar a shingayen Bagadaza bayan duk wannan, sai da mota ta tashi a unguwar Karrada a watan Yuli na 2016 ta kashe mutum sama da 300 sannan firaminista Haider al-Abadi ya bada umarnin a janyeta. Ita ADE 651 ba lesa bace, babu kimiyya ko ɗaya a cikinta, amma da manyan kalmomin kimiyya aka sayar da ita, kuma yau da sunan lesa ya shiga bakin kowa babu abin da zai hana wani ya liƙa jan haske a jikin akwatin roba ya zo da irin wannan tallan.

Saboda haka roƙona gareku 'yan jarida, duk ranar da wata hukuma ta kira ku taron nuna sabuwar na'urar gano bam, kada ku tsaya ga hoton manya suna tafi. Ku tambaya wace hanya take amfani da ita, Raman ce ko LIBS ko infared, don ta gaskiya tana da suna kuma masu ita basa jin haushin tambayar. Ku tambayi nisan da aka gwadata da girman ɓurɓushin da ta gano da kuma akan wane irin abu, fentin mota ne ko tufafi ko gilashi mai tsafta na ɗakin bincike. Ku tambaya sau nawa take ƙara a banza, wa ya gwadata banda kamfanin da ya ƙera, wa zai sabunta rumbunta, wa zai gyarata idan ta lalace, kuma me akayi game da idon jama'a. Mafi muhimmanci ku nemi ayi gwajin da shi mai riƙe da na'urar bai san inda aka ɓoye abin ba, kuma duk wanda ke wurin bai sani ba, a jera akwati goma iri ɗaya a sa a ɗaya a maimaita sau da yawa a rubuta sakamako. A irin wannan gwajin ne na'urori masu eriyar nan suke faɗuwa duk sanda aka yi musu, basa wuce abin da mai canke zai samu. Ita ta gaskiyar zata ci inda haskenta ya kai, ta faɗi inda bai kai ba, kuma injiniyan da ya ƙerata zai gaya muku hakan da bakinsa tun kafin a fara.

Nagode da filin da kuka bani, Allah ya tsare mu baki ɗaya.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku